Wa Ya Rubuta Masa? Tambayoyinku a Kan Gambarar Zamani

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kuma ina cikin masu bibiyar waƙoƙin gambarar zamani, waɗanda ake kira hip-hop. Akwai wani matashin mawaƙi a nan Sakkwato da muka daɗe muna alfahari da shi saboda zurfin kalamansa, sai ga shi tun bayan ƙaramar Salla magana ta bazu a WhatsApp da TikTok cewa ba shi yake rubuta baitocinsa ba, wai wani abokinsa ne da ba ya son a san shi. Majalisarmu ta rabu biyu. Wasu sun ce sun gama da shi, ai ruwa ba ya tsami banza. Wasu kuma sun ce ko da gaskiya ne babu komai, tunda muryarsa muke saurare. Ni na rasa inda zan tsaya. Ta yaya ake gane mawaƙin da ake rubuta wa, kuma idan abin ya tabbata, me ya rage masa na gwaninta?

Daga wani ɗalibi, Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman hujjar da masu zargin suka kawo, ban kuwa same ta ba. Ka ce magana ta bazu, amma ba ka ce wani ya fito da sunansa ya ce shi ya rubuta ba, ba ka ce an ji muryar wani yana rera baitocin kafin waƙar ta fito ba, ba ka kuma ce mawaƙin ya amsa da bakinsa ba. Abin da ke hannunku a yanzu ji-ta-ji-ta ce, kuma kafin mu shiga batun waƙa akwai haƙƙin bawan Allah da ake cin namansa a majalisa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cuci mutane cikin rashin sani, aya ta 12 kuma ta hana yawan zato, sannan ƙa'idar da alƙalanmu suka gada ita ce kawo hujja yana kan mai da'awa.

Wannan zargi yana da wani mugun hali da ya kamata ka lura da shi. Wanda aka ce ya saci akuya yana iya buɗe garkensa a duba, amma wanda aka ce ba shi ya rubuta baitinsa ba, ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa gaba ɗaya: in ya kawo littafinsa a ce kwafa ya yi, in abokin ya fito ya musanta a ce an toshe masa baki da kuɗi, in ya yi shiru a ce ya rasa ta cewa. Shi ya sa abokan hamayya suke son wannan makami, domin ba a kashe ko kwabo wajen jefa shi, kuma tabonsa yana daɗewa. A shekarar 2012 wata marubuciya a Amurka ta rubuta a Twitter cewa mawaƙa biyu, Jay Electronica da stic.man, su suka rubuta akasarin wani kundi da Nas ya fitar a 2008, alhali Nas yana cikin waɗanda aka fi girmamawa a fagen tsara kalami. Mutanen nan biyu duk sun fito sun ƙaryata, shi ma Nas ya ƙaryata, amma har yau za ka tarar da masu maimaita maganar kamar an yanke hukunci a kanta.

Duk da haka ba na tare da ɓangaren majalisarku da ya ce babu komai, domin tambayar tana da nauyi a gambara fiye da yadda take da shi a sauran waƙoƙi. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, ta yi shekara da shekaru tana rera baitocin sha'irai irin su Ahmad Rami, kowa ya sani, kuma wannan bai rage mata komai ba, saboda abin da ta kawo kasuwa murya ce da iya sarrafa ta. A waƙoƙin finafinanmu ma wani ne yake rubutawa, wata ta rera, wasu dabam su hau a gaban kyamara, babu mai jin an yaudare shi. Gambarar zamani kuwa, tun daga farkonta a bukukuwan unguwar Bronx ta birnin New York, inda ake lissafa bikin da DJ Kool Herc ya yi a ranar 11 ga Agusta, 1973 a matsayin mafarinta, an gina ta ne a kan mutum ya riƙe makirufo ya ce ga ni, ga unguwarmu, ga abin da na gani, kuma babu wanda ya fi ni iya faɗa. Abin da ya fi kama da ita a wajenmu shi ne kirarin ɗan dambe. Idan ɗan dambe ya shiga fili ya ɗaga hannu yana lissafa mazajen da ya kashe da garuruwan da ya kwana, darajar kirarin tana ga cewa shi ɗin ne ya yi, kuma ranar da aka gane kirarin wani ya ara, ko muryarsa ta kai ta zaki 'yan kallo sun daina jin tsoronsa.

Sai dai kuma tarihin wannan waƙa cike yake da hannaye biyu a kan baiti ɗaya, kuma ba duka ne iri ɗaya ba. Waƙar da ta fara fitar da hip-hop zuwa duniya, Rapper's Delight ta 1979, a cikinta Big Bank Hank ya rera baitocin da ya ɗauko daga littafin Grandmaster Caz, har ya furta haruffan laƙabin Caz, wato Casanova Fly, kamar nasa ne, kuma ba a sa sunan Caz a cikin marubutan waƙar ba. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, an ɗauke aikin mutum an bar shi babu suna babu lada. A 1999 kuwa Jay-Z ne ya rubuta wa Dr. Dre baitocin Still D.R.E., sunansa na yanka, Shawn Carter, yana cikin jerin marubuta, kuma babu wanda ya ga laifin Dre, saboda duniya ta san shi da haɗa kiɗa, bai taɓa neman kujerar gwanin alƙalami ba. Na uku ya fi sarƙaƙiya. A watan Yulin 2015 Meek Mill ya zargi Drake, mawaƙin nan ɗan Kanada, da cewa wani matashi daga Atlanta mai suna Quentin Miller ne yake rubuta masa, sannan mai gabatar da shirin rediyo Funkmaster Flex ya saka naɗin gwaji inda aka ji Miller yana rera wasu layuka da daga baya suka fito a bakin Drake. A nan an sami abin da kunne zai kama. Amma kuma sunan Miller yana cikin jerin marubutan wasu waƙoƙin, shi da kansa ya ce shi ba marubucin ɓoye ba ne, kuma an san Drake ya rubuta wa wasu mawaƙan. Kasuwar Drake ba ta faɗi ba, waƙar martanin da ya mayar wa Meek Mill ma sai da ya shiga takarar lambar Grammy, amma a wajen masu jera gwanayen kalami maganar ta bi shi, har a rikicinsa da Kendrick Lamar a 2024 sai da aka sake tono ta. Ka ga ke nan ko inda aka sami hujja, hukuncin ya danganta da tambayoyi biyu: an ambaci mai taimakon ko an binne shi, kuma wace kujera mawaƙin yake da'awa?

Mu a Sakkwato ba sai mun je Amurka neman amsar wannan ba, domin magabatanmu sun riga sun warware ta a aikace. Duk wanda ya saurari makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ko Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya san waƙarsu ba aikin baki ɗaya ba ce. Jagora yana ɗauko ɗan waƙa ya kai shi wani wuri, 'yan amshi su karɓe su yi ƙari su cika maganar, sannan a koma ga gindin waƙa, kuma irin wannan saƙa ba ta yiwuwa sai an zauna tare a gida an ƙulla, wannan ya kawo kalma wancan ya gyara. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa Kurna kafin ya zama jagora. Babu wanda ya taɓa kiran wannan yaudara, domin 'yan amshin suna tsaye a fili kowa yana ganinsu, jagora yakan kira sunansu a cikin waƙa, kuma idan an yi kyauta ana raba musu kasonsu.

A ɓangaren rubutacciyar waƙa kuwa abin ya fi fitowa sarari. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama biyar. Hannu uku ke nan a kan waƙa ɗaya, kuma mun san aikin kowane hannu bayan kusan shekara 200, saboda ba su ɓoye ba. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu haka take, asalin baitocin na Alfazazi ne, tahamisin na Ibnu Muhibu, kuma kowane almajiri ya san haka. Al'adar marubutanmu ce su rufe waƙa da ambaton sunan mai ita da na mahaifinsa, wani lokaci da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka gama. Abin da na fahimta daga wannan gado shi ne taimako bai taɓa zama abin kunya a waƙar Hausa ba. Abin da aka ƙi shi ne mutum ya tsaya a gaban jama'a ya ce nawa ne ni kaɗai, alhali ya san akwai wani a bayan labule.

Bari in ba ka abin da na gani da idona, domin gani ya kori ji. A bara wani tsohon ɗalibina ya gayyace ni wani ƙaramin situdiyo a nan cikin gari, ɗaki ɗaya da aka manna wa katifu a bango don tare ƙara, janareta yana ruri a bakin ƙofa. Wani saurayi mai murya mai kauri yana tsaye gaban makirufo da wayarsa a hannu, abokinsa kuma, siriri mai yawan shiru, yana zaune a kan benci yana kallon ƙasa. Sai mai muryar ya zo kan wani layi da ke cewa, "Mun ci gari da yaƙi," ya faɗe shi da buga ƙirji, ya gajarta wasalin farko, wato gari na mutane da ganuwa. Na benci ya ɗago kai da sauri ya ce, "A'a, ja shi, garin rogo nika nuhi." Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Layin ashe ba alfahari ba ne, hoton talauci ne, yara ne da ko garin kwaki sai sun sha fama suke samu, kuma daɗinsa duka yana ga yadda kunne zai yi tsammanin kirarin mayaƙa sai ya tarar da kwanon gari da ruwa. Mai rerawa bai san da wannan ba, saboda a rubutun boko kalmomin nan biyu kamanninsu ɗaya, kuma ba a cikin kansa aka haifi layin ba. Babu wanda ya tona asirin kowa a ranar, kalmar "nika nuhi" ce ta faɗi mai waƙar.

Daga wannan za ka ɗauki ma'auni mafi ƙarfi da na sani, wato ko mawaƙi ya mallaki ma'anar abin da yake faɗa. Wanda ya tsara baiti ya san inda ya sha wahala a cikinsa, ya san kalmar da ya cire da dalilin cire ta, kuma idan aka tambaye shi a hira me ya sa ya ce kaza, zai ba ka labari har ka gaji. Wanda aka miƙa wa kuwa yakan tsaya a sama-sama, ya ce ilhama ce kawai ta zo. Ka saurari inda yake shaƙar numfashi, domin mai layi yana yanke numfashinsa inda magana ta yanke, mai haddar layin wani kuwa sau da yawa yakan yanka jimla a tsakiyarta. Sannan ka jera waƙoƙinsa daga ta farko zuwa ta bana. Kowane marubuci yana da kalmomin da yake komawa gare su, da irin hotunan da idonsa yake kamawa, da kurakuran da suka zame masa jiki, kuma ci gaban gaskiya yana tafiya ne a hankali ana ganin sawunsa. Idan wanda jiya ba ya iya haɗa layi huɗu masu ma'ana ya wayi gari da salon wani mutum dabam, sa'annan bayan sun ɓata da abokinsa salon ya ɓace, to wannan abin lura ne. Ko shi ma alama ce kawai, ba ta kai a tsaya a majalisa a rantse ba.

Akwai kuma abubuwan da matasa suke ɗauka hujja alhali ba hujja ba ne. Cewa ba a taɓa ganinsa da biro da takarda ba, ba ya nuna komai: Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, a zuci yake tsara baitocinsa wasu su rubuta, kuma babu mai shakkar nasa ne, shi ma Jay-Z an san shi da tsara layukansa a ka ba tare da ya rubuta ba. Cewa an tare shi a hanya an ce ya yi waƙa nan take ya kasa, shi ma ba hujja ba ne, domin baiwar nan-take dabam, baiwar zama a tace dabam. Mamman Shata yana iya ƙirƙirar waƙa a tsaye a gaban taro, Zuhairu ɗan Abi Sulma kuwa, ɗaya daga cikin manyan sha'iran Larabawa kafin Musulunci, an san shi da ƙasidun da yake shekara guda yana gyarawa kafin ya fitar, kuma dukansu gwanaye ne. Haka nan idan ka ji ya bar Sakkwatanci, ya daina "munka" da "wanga" ya koma "muka" da "wannan", kada ka ce Bakano ne ya rubuta masa, yawancin yaranmu suna yin haka ne don waƙar ta shiga Kano da Kaduna, ko da yake ni ina ganin asara ce, domin karin harshenmu yana da kalmomi da amon da babu mai su sai mu. Kamancen jigo ma ba sata ba ne. Tun ƙarni na 9 masanin adabin Larabci Jahizu ya ce ma'anoni a zube suke a kan hanya, kowa yana iya tsinta, fifiko yana ga tsarin lafazi da kyawun saƙa. Talauci da soyayya da cin amanar aboki ba mallakin kowa ba ne.

Wannan ya kawo mu ga auna gwanintar kanta, wadda nake ganin majalisarku ta bar ta ta kama tsegumi. Abu na farko da kunne yake kamawa shi ne amsa-amo, kuma a nan ne aka fi yaudarar masu saurare, domin Hausa tana da arhar kalmomi masu ƙarewa iri ɗaya. Duk yaron da ya jera duniya da zuciya da gaskiya da dariya da tafiya ya sami layi biyar ba tare da ya yi gumi ba, kuma sau da yawa za ka tarar amon ne yake jan maganar, ba maganar ce take jan amon ba. Gwani yana daidaita gaɓa biyu ko uku a ƙarshen layi, yana sa amo a tsakiyar layi yana amsa wani, irin abin da mawaƙin Amurka Rakim ya shahara da shi tun kundinsu shi da Eric B. na 1987, kuma namu marubutan sun daɗe da saninsa da sunan amsa-amon ciki. Bayan wannan sai hawa kiɗa. Hausa harshe ne mai gaɓa mai nauyi da marar nauyi, mai karin sama da na ƙasa, saboda haka wanda ya ja gajeren wasali ko ya murɗe karin kalma don ta shiga kiɗa ya karya ta, wuyan jiki ya koma wuyar rayuwa, kukan ido ya koma kukar miya. Gwani yana zaɓen kalmar da nauyinta ya dace da bugun tun asali, har ka ji kamar don wannan kiɗan aka halicce ta.

Amma abin da ni nake fifitawa a kan duka shi ne ko baitin ya nuna mini wani abu. Ka kashe kiɗan, ka rubuta layi 16 na waƙar a takarda, ka karanta su da murya kamar wasiƙa. Idan abin da ya rage shi ne na fi kowa, maƙiya sun ji kunya, kuɗi sun zo, to kiɗa ne yake ɗauke da shi. Idan kuwa ka ga ɗan kabu-kabu yana lissafin kuɗin mai a ƙarƙashin inuwar dogon yaro da zafin watan Afrilu, ko uwa tana ɗaure kuɗin makaranta a bakin zane, ka kuma ga layi na 12 ya dawo ya warware abin da aka ƙulla a layi na 3, to akwai marubuci a wurin. Irin wannan aiki ne ya sa a 2018 aka ba Kendrick Lamar lambar Pulitzer ta kiɗa, karo na farko da ta je hannun mawaƙin gambara.

Idan kuwa wata rana ta tabbata cewa abokinsa ne yake rubuta masa, kada ka ce komai nasa ya rushe. Murya tasa ce, numfashi nasa ne, iya riƙe taro da sa layi ya shiga jikin mai saurare nasa ne, kuma marubuta da yawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kamar yadda na gani ga saurayin nan na kan benci. Za ka ci gaba da kiransa gwanin rerawa. Abin da za ka janye shi ne yabon zurfin kalami da ka ce kuna alfahari da shi a kansa, ka mayar da shi ga mai shi, sannan idan ya taɓa tsayawa ya ce shi kaɗai yake rubutawa, ko ya yi wa wasu gori da alƙalamin da ba nasa ba, wannan ƙarya ce da ya kamata ya nemi afuwa a kanta. Kafin wannan rana ta zo, ina ba ka shawara ka gaya wa abokanka cewa ba ka da hujja, kuma kada ka tura saƙon gaba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni mace ce, ina da sha'awar rubuta baitoci tun ina sakandare. Shekara biyu ke nan ina rubuta wa ɗan baffana, wanda yake gambara, yana ba ni ɗan abin sayen kati. Yanzu ana gayyatarsa wasanni ana biyansa. Ni ba na son sunana ya fita, domin a gidanmu ba za a ji daɗi ba, amma raina ya ɓaci ranar da na ji shi a rediyo yana cewa da hawaye ya rubuta wata waƙa da ni na rubuta ta bayan rasuwar mahaifiyata. Ina da wani haƙƙi, ko tunda na karɓi kuɗin kati shi ke nan?

Daga wata 'yar'uwa, Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa Aljanna ce makomarta. Ɓacin ranki yana kan hanya, domin abin da aka ɗauka a nan ya wuce kalmomi, makokinki ne wani ya yafa a gaban jama'a. Hadisi ingantacce a Buhari da Muslim ya kwatanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya, kuma ya kamata ɗan'uwanki ya ji wannan daga bakin wanda yake jin nauyinsa.

Ta fuskar doka kina da haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba wanda ya ƙirƙiri aiki mallakarsa tun daga lokacin da ya rubuta shi ko ya naɗe shi, ba sai ya yi rajista ba, kuma mallakar rubutun waƙa tana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Sallama wannan mallaka ga wani ba ta inganta sai a rubuce, saboda haka kuɗin katin da kika karɓa bai mayar da baitocinki nasa ba. Dokar ta kuma amince da aikin da aka fitar da laƙabi, wanda shi ne mafitar damuwarki ta gida: suna dabam, rabo dabam, kina iya ɓoye na farko ba tare da kin yafe na biyu ba. Ki zaɓi laƙabin da ku biyu kaɗai kuka san mai shi, a riƙa sa shi a jerin marubuta duk inda aka ɗora waƙar.

Ba na ba ki shawarar ki kai maganar TikTok, domin za ki tona abin da kike son rufewa, ki kuma ɓata zumunci a kan abin da zama ɗaya zai iya gyarawa. Ki fara adana shaidarki: littattafan da kika yi rubutu a ciki, da saƙonnin da kika tura masa baitoci masu ɗauke da kwanan wata, kada ki goge ko ɗaya. Sannan ki sami babba guda a cikin dangi wanda yake da sirri, yayarki ko wata gwaggo mai fahimta, ku zauna ku uku. Idan a gida abin da ake gudu shi ne a ce mace tana waƙa, mai shiga tsakanin yana iya tuna musu cewa a garin nan Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis, wato malamai matan da ta horar, suna ɗaukarsu zuwa ƙauyuka suna karantar da mata, kuma abin dubawa shi ne me baitin yake faɗa.

A zaman, ku rubuta takarda ko da shafi ɗaya ce, kowa ya sa hannu tare da shaida. A jera waƙoƙin da kika riga kika rubuta da sunayensu, a faɗi kason da za ki riƙa samu daga abin da suke kawowa a intanet da wajen wasanni, a faɗi abin da zai biya a kan kowace sabuwa, a kuma rubuta cewa idan an tambaye shi a hira zai ce yana aiki da marubuci, ko da bai faɗi ko wane ne ba. Waƙar mahaifiyarki kuwa ki ware ta da sharaɗi nata na musamman, cewa ba zai sake danganta labarinta ga kansa ba, kuma ba zai rera ta a wani taro ba sai da izininki.